Saniyar Laftanar Abelardo

A garin Barra do Capim na ƙasar Brazil, duk wanda ya ba Seu Quirino Mendanha aikin allon shago, in an kawo masa allon ba rubutun yake fara dubawa ba. Rubutun ba a shakkarsa, layi ne miƙaƙƙe kamar an ja da zare. Kusurwar ƙasa ce abin fargaba. Nan Quirino yake ajiye ɗan zanen da ba a sa shi ba, wanda bai wuce girman babban yatsa ba. A allon mahauci, ƙarƙashin hoton tsiran-alade, ya zana kare yana gudu yana waiwaye. A na mai aski, kunne guda ne yashe a ƙasa. A tutar da ake zagaya gari da ita ranar bikin waliyyi, cikin mala'ikun da ke gefe akwai ɗaya da ke hamma, kowa kuwa ya san limamin cocin wancan zamani in ya hau wa'azi ba ya tuna hanyar saukowa.

In aka tambaye shi dalili, sai ya ce ba shi ba ne, hannun ne. Yakan ƙara da cewa bai taɓa zana wa kowa ƙarya ba, abin da mutane ke faɗa a bayan ido shi yake sawa a fenti. Masu shagunan kan yi fushin kwana biyu su huce, don an lura shagon da ke da irin wannan zane ya fi samun masu tsayawa a ƙofa.

Mutum ɗaya ne bai huce ba. Shi ne Laftanar Abelardo Tinoco, mai kantin magani na bakin dandali, wanda ya yi sama da shekara arba'in bai ce wa Quirino ko sannu ba. Su biyu kaɗai ne 'yan garin da suka je Italiya a yaƙin duniya na biyu cikin rundunar jiragen yaƙi, ɗaya matuƙi, ɗaya mai fenti. Babu abin da Quirino ke so a duniya kamar mutumin nan ya sake yi masa magana, ko da zagi ne.

Quirino yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka ɗauke shi. Ba don iya harbi ba, don an ji ana neman wanda ya san burushi. Jirgin ruwa ya sauke su a ƙarshen shekara, cikin ruwan sama da taɓo da wani irin sanyi da bai san Allah ya halicce shi ba. Jiragen daga hannun Amurkawa suka fito, koraye masu duhu, kowanne da farar tauraruwa a fiffike da gefen jiki. Aikinsa na farko shi ne ya mayar da su 'yan gida. Ya rufe farar tauraruwar da ta Brazil, kore da rawaya da shuɗi. Ya raba wutsiya gida biyu, rabi kore rabi rawaya. A hanci, bayan farfela, ya rubuta harafi da lamba: harafin na rukunin da jirgin ke tashi ciki, lambar ta matuƙin. Sannan tambarin runduna, wato jimina sanye da hular soja. Wani hafsa ne ya zana ta a takarda, Quirino kwafa kawai yake. An zaɓi jimina ne don a cewarsu sai mai cikinta ke iya narkar da abincin da Amurkawa ke ba su, waken gwangwani mai sukari.

Sanyi kan daskarar da fenti ya koma kamar tuwo. Quirino ya samo dabarar jingina gwangwani da injin jirgin da ya sauka da zafinsa, har sai fentin ya saki jiki. Don haka kullum yana bakin fili, shi ne na farko da matuƙi ke gani in ya buɗe murfin gilashi.

Akwai al'adar da suka tarar suka ɗauka. Duk fita guda, ana zana ɗan bam mai ruwan rawaya, tsawon yatsa, a jere ƙarƙashin tagar matuƙi. A lokacin jiragen Jamus sun ƙare a wannan yanki, babu wanda za a kakkaɓo a sama. Aikin duk na ƙasa ne: gadoji, jiragen ƙasa, motocin kaya. Daga ƙasan kuma ake harbo su, ba kowa ke dawowa ba. Shi ya sa Quirino ba ya buɗe gwangwanin rawaya sai ya ga taya ta taɓa ƙasa.

Wata rana wani matuƙi ya saki bam kan gada, bam ɗin ya wuce gadar ya faɗa kogi. Abokansa suka ishe shi da tsiya a teburin abinci, suna cewa mutanen ƙauyen sun gode da miyar kifi. Washegari da ya zo hawa jirgi, sai ya tarar a ƙarshen jerin bama-bamansa akwai kifi, cikinsa sama. Ya kai ƙara. Kwamanda ya zo da kansa, ya duƙa ya duba, ya tambayi Quirino mene ne wannan.

"Yallaɓai, cewa aka yi in zana abin da aka yi," in ji Quirino.

Kwamanda ya miƙe. Ya juya ya tafi, amma waɗanda ke bayansa sun ga kafaɗunsa na rawa. Daga ranar abin ya zauna. Kafin sanyi ya wuce, da wuya ka ga jirgin da babu kifi ɗaya ko biyu a jikinsa. Akwai mai kabeji, akwai mai tulin ciyawa, akwai wanda ya samu makewayi da ƙofarsa a buɗe. Kowa na dariyar na wani, yana ƙunƙunin nasa. Goge zane kuwa babu mai yarda, don an yi imani jirgin da aka kankare wa wani abu ba ya dawowa.

Quirino ba ya tashi sama, to ta ina yake sanin abin da ya faru a can? Laftanar Abelardo ne mai kawo masa labari. A gida, ɗan mai kantin magani ba zai zauna benci ɗaya da mai fenti ba. A Italiya kuwa, wanda ya san sunan unguwarku ya zama ɗan'uwa. In uwar Abelardo ta aiko da alawar gwaba da cuku, sai ya nemi Quirino bayan tanti, su zauna kan akwatin harsashi, su yanka da wuƙar aljihu, su bi mutanen Barra do Capim ɗaya bayan ɗaya da gulma. Cikin hirar sai Abelardo ya rage murya ya ce wane yau kifi ya kama, ka yi masa babba. Jirginsa shi, mai harafin D da lamba bakwai, fes yake, bama-bamai zalla.

Har ranar da aka tura su wata gada da aka kewaye da bindigogi. Harbi ya yi yawa, jirgin Abelardo ya girgiza, bam ya fita kafin lokaci ya sauka a makiyaya. Wanda ke biye da shi ya ga komai, ya kuma faɗa a teburin abinci: Tinoco ya gama da saniya guda, fara mai dabbare-dabbaren baƙi, rundunar Jamus ta yi asarar madara. Abelardo ya dawo da huji a fiffike, ya zauna bai taɓa abincinsa ba. Quirino ya lura, ya ɗauka kunya ce irin ta wanda ya saba yi wa wasu dariya. Hannun nan kuwa ya fara ƙaiƙayi. Ya haɗa fari da baƙi, ya zauna ya yi aikin da har yau yake cewa bai taɓa yin mai kyansa ba: saniya a kwance rigingine, ƙafafu huɗu sama, harshe waje.

Da safe Abelardo ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Bai yi dariya ba, bai kai ƙara ba. Ya hau ya tafi. Alawar gwaba ta daina zuwa bayan tanti, amma Quirino ya ce a ransa fushin kwana biyu ne.

Da ƙila hakan ya zama, ba don mai ɗaukar hoton jarida ba. Ya zo dab da ƙarshen yaƙi, ya tsayar da Abelardo a kan fiffike, hannu a kan taga, ƙirji a gaba. Jaridar ta isa Barra do Capim. Mahaifin Abelardo ya yanke hoton ya manna a gilashin kanti don gari ya ga ɗansa. Gari ya gani. Ya kuma ga abin da ke dab da gwiwar hannun jarumin. Ranar da suka dawo, an fito da 'yan badujala tasha, an yi jawabi, mata na kuka. Abelardo ya sauko daga jirgin ƙasa cikin kakinsa, ya ɗaga hannu zai gaisa, sai daga bayan taron wani ya yi kukan saniya, dogo, mai ratsa zuciya. Ba a taɓa gano ko wane ne ba. Mutum shida dabam-dabam sun yi iƙirarin su ne, duk bayan sun tsufa.

Sunan Laftanar Saniya ya bi shi. Ya gaji kantin ubansa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi tumbi, sunan na nan. Ba a faɗa a gabansa, amma in ya juya baya zai ɗauko kwalba, ba a rasa wanda zai yi ɗan nishi ta hanci.

Garin ƙarami ne, kantin magani ɗaya ne, dole su haɗu. Abelardo ya samo hanyarsa. In Quirino ya shigo sayen maganin gwiwa, sai Abelardo ya dubi kwalbar auduga da ke kan kanta ya ce mata, a gaya wa mutumin nan cokali ɗaya bayan abinci. Allon kantinsa kuwa daga wani gari yake sa a yi masa. Fentin can ba ya jure damina, yakan fara ɓawo tun kafin shekara ta zagayo. Quirino na wucewa kullum ya ɗaga kai ya ga ɓawon, ya ji daɗi kaɗan, ya ji zafi da yawa.

Don kuwa ba shi da abokin hirar Italiya. Sauran 'yan rundunar suna can manyan birane, in an yi taronsu ba kowa ke tuna mai fenti ba. Matarsa, Dona Zulmira, ta saurara shekara goma na farko. Bayan nan ta ce ta ji labarin sanyin nan har ita ma ta kamu da mura, ya ƙyale ta haka. In watan Yuni, lokacin sanyinsu, ya zo da hazon safe, Quirino kan tsaya a dandali ya ji wani wari-wari na ƙasa jiƙaƙƙiya, ya so ya juya ya ce wa wani, ka tuna? Wanda zai tuna yana can tsallaken titi yana magana da auduga.

Haka aka yi ta tafiya har gashinsu duka ya yi fari. Sai magajin gari, Dakta Olegário Pimenta, ya yi ta zarya babban birni har ya samo wa garin kyautar tsohon jirgin yaƙi da aka daina amfani da shi. Ba shi ne na Abelardo ba, ɗan'uwansa ne dai, iri ɗaya. Manyan motoci biyu suka kawo shi, fikafikai daban, jiki daban, babu fenti, tsuntsaye sun yi sheƙa a cikin hancinsa. Aka ɗora shi kan ginshiƙan siminti a tsakiyar dandali, daidai ƙofar kantin magani. Aka yanke shawarar a yi masa fenti yadda na Laftanar yake lokacin yaƙi.

Magajin gari ya zo gidan Quirino da kansa. Ya sha kofi, ya ci burodin cuku na Dona Zulmira har uku, ya yi dogon bayani kan martabar gari da darajar 'yan mazan jiya. Ya ce ba ya son abin da zai jawo rigima, a yi komai bisa tsari. Da ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, ya rage murya.

"Amma dai ka tuna yadda take, ko, Seu Quirino?"

Ba shi kaɗai ba. Mahauci ya tare shi a hanya ya ce in farin fenti ya gaza a yi magana. Mai aski ya ba da shawarar a ƙara mata girma don masu raunin ido. Gari gaba ɗaya ya zuba ido yana jiran saniya.

Quirino kuwa ya riga ya yanke nasa hukuncin. Ya gaya wa Zulmira cewa wannan karon bama-bamai zalla zai zana. Zai mayar wa mutumin nan jirginsa fes, yadda yake kafin ranar gadar, a gaban duk waɗanda suka yi masa kukan saniya. In hakan bai sa ya buɗe baki ba, to shi ke nan, sai a lahira.

Zulmira ta dube shi, ta dubi hannunsa na dama. "Kai ka ce. Shi wannan ka tambaye shi?"

Aka kewaye jirgin da tampol, aka bar ɓangaren da ke fuskantar kanti a ɗan buɗe don iska. Quirino ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ƙara. Ya fara da koren jiki. Bai kai rabin fiffike ba ya ji murya daga ƙofar kanti, ana gaya wa sandar fitilar titi cewa a faɗa wa mai fentin nan korensa ya yi haske, jirgin yaƙi ne ba ganyen latas ba.

Quirino ya tsayar da burushi. Wannan ce magana ta farko cikin shekarun nan da ba ta shafi cokali da abinci ba. Ya dafa tsaninsa ya ce masa, "Tsani, ka gaya wa Laftanar shi daga ciki ya san jirgin nan, ni daga waje." Amma da rana ta yi sai ga shi yana ɗiga baƙi cikin koren.

Haka suka yi ta yi har mako ya juya. Sandar fitila ta kawo ƙorafin cewa wuyan jimina ya yi tsawo. Tsani ya mayar da cewa wuyan jimina ai aikinsa ke nan. Sanda ta ce lamba bakwai ta karkace. Tsani ya ce mai kallon ne ya karkace, ya canja gilashin idonsa tunda kanti nasa ne. Masu zaman benci suka daina zuwa sinima.

Sai aka zo jerin bama-bamai. Ranar Abelardo bai fito ƙofa ba. Quirino ya ja tampol ya rufe ko'ina, ya fara jera su ɗaya bayan ɗaya, rawaya, tsawon yatsa. Da ya iso wurin da saniya take, a layi na biyu kusa da ƙarshe, sai ya duba ya ga murfin gwangwani a hannunsa da fari da baƙi a kai, ya haɗa bai sani ba. Ya tsaya. Wurin sumul, kore mai duhu, daidai faɗinta. Ya san kowane dabbare da ke jikinta. Daga ƙarshe ya goge murfin da tsumma, ya tsoma burushi a rawaya, ya ɗora bam a wurin, ya wuce da sauri kamar mai tsallake kabari.

Zulmira ta kawo masa kofi, ta leƙa, ta bi jerin da ido har ƙarshe. Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Ta ɗauke kofin ta tafi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka yi bikin buɗewa. 'Yan badujala suka busa, 'yan makaranta suka rera taken ƙasa, Dakta Olegário ya yi jawabin da ya sa aka tuna marigayi limamin nan. Abelardo na zaune a gaba cikin tsohon kakinsa, maɓallan sama uku kaɗai suka yarda suka shiga. Aka ja igiya, tampol ya faɗi.

Jirgin ya yi kyau, wannan babu gardama. Tauraruwa na ƙyalli, wutsiya kore da rawaya, jimina ta miƙe wuya. Babu wanda ya kalle su. Duk taron ya tuttuɗe gefen hagu, ƙarƙashin taga, masu gajarta na ɗage. Aka duba layi na farko, aka duba na biyu. Sai wani irin numfashi ya fita daga jama'a, irin na waɗanda aka buɗe wa tukunya suka tarar babu nama. Mahauci ya ce Quirino ya tsufa. Magajin gari ya yi tafi shi kaɗai, ba da ƙarfi ba.

Abelardo ya tashi. Ya hau dakalin da aka yi wa masu jawabi, wanda ke daidai gefen jirgin. Ya sa gilashinsa, ya ɗora yatsa kan bam na farko, ya bi su a hankali. A layi na biyu kusa da ƙarshe yatsan ya tsaya. Ya juyo. Bai nemi sandar fitila ba, bai nemi auduga ba.

"Quirino. Ina saniyata?"

Lasifikar magajin gari na kusa, don haka har masu sayar da rake a bayan coci sun ji. Quirino ya hau dakalin, hula a hannu, Zulmira na biye da shi da jakarta.

"Na cire ta, yallaɓai."

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa. Gani na yi ta isa haka."

"To wannan jirgin wani ne, ba nawa ba."

Nan Dakta Olegário ya yi abin kirki guda da ake tuna shi da shi, ya kashe lasifikar. Abin da ya biyo baya mutum uku ne suka ji, Dona Zulmira ce ta raba wa sauran gari kafin la'asar.

Abelardo ya shafa jerin bama-baman da tafin hannu. "Duk waɗannan ban san kan wa suka sauka ba. Hayaƙi nake gani in juyo gida. Ita kaɗai na gani da idona. Kiwo take, ta ɗago kai ta dube ni. Na dawo ko abinci na kasa ci, kai kuma ka tashi ka zana mini ita da harshe waje."

Quirino ya juya hularsa. "Na ɗauka kunya ce ta hana ka ci."

"Ai kai jaki ne. Tun a Italiya na sani."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Jira nake ka zo ka ba ni haƙuri, in ƙi haƙura. Ba ka zo ba."

"Yallaɓai, ai ba ka magana da ni."

"Ka gwada ne ka ga ban amsa ba?"

Quirino ya yi tunani ya ga lalle bai taɓa gwadawa ba. Ya buɗe baki zai ba da haƙurin, Abelardo ya ɗaga hannu ya ce ya riƙe abinsa, ya yi tsami. Abin da yake so shi ne a mayar da ita wurinta yanzu, don shekara arba'in ana kiransa da sunanta, ba za a zo rana ɗaya a ce ba a taɓa yin ta ba. Amma a tsaye za a zana ta, tana kiwo, kanta a ɗage.

Quirino ya ce tarihi dai ƙafafu sama ya nuna, akwai hoton jarida. Abelardo ya ce shi ya gan ta da rai, mai fenti bai taɓa ganinta ba ko a mace, don haka ya yi shiru ya yi abin da aka sa shi sau ɗaya a rayuwarsa. Quirino ya ce to ai kayan aiki na gida. Sai Zulmira ta buɗe jaka ta fito da ƙananan kwalabe biyu, fari da baƙi, da siririn burushi naɗe a tsumma.

"Na san ɗayanku zai buƙata," in ji ta. "Ban dai san wanne ba."

A gaban jama'a Quirino ya rufe bam ɗin da kore, aka jira ya sha iska 'yan badujala na busa abin da suka ga dama. Sannan ya zana ta. Abelardo na tsaye a kafaɗarsa yana gyara masa: baƙin ya fi yawa a wuya, ƙahon hagu ya ɗan lanƙwashe. Quirino ya bi gyaran duka. Da ya gama ya ja baya, sai ga saniya tsaye tsakiyar bama-bamai, ciyawa a baki, tana kallon duk wanda ya kalle ta.

Can daga baya wani ya yi kukan saniya, a hankali, kamar mai gwada zurfin ruwa. Abelardo ya juya, ya haɗa ƙafa, ya sara masa. Dariyar da aka yi ranar, masu tsaron tasha sun ce sun jiyo ta.

Tun daga lokacin, in rana ta karkata, ana ganinsu a bencin da ke ƙarƙashin fiffike, da alawar gwaba da cuku a takarda tsakaninsu, duk da likita ya hana su biyun zaƙi. Ba su yarda da juna kan komai ba. Abelardo na nan kan cewa koren ya yi haske. Quirino ya ce sanyin Italiya ya fi tsanani a bakin fili, na sama ai suna da injin da ke ɗumama su. Zulmira ta ce murarta ta warke.

Bayan damina Abelardo ya sa aka sauke ɓawon allon kantinsa, ya ba Quirino aikin sabo. Ranar da aka ɗaga shi, mutane suka taru kamar yadda aka saba, kowa ido a kusurwar ƙasa. Jakai biyu ne, sun ba juna baya, ɗaya da hular soja, ɗaya da burushi ɗaure a wutsiya. Laftanar ya sa gilashi ya daɗe yana dubawa. Ya ce kunnen mai hular ya fi na ɗayan tsawo, kuma ya san da gangan aka yi. Quirino ya ce auna su ya yi. Allon yana nan har yau, fentinsa bai yi ɓawo ba.